Maganar da Aka Bar wa Kaka Ajiya

Idan an gama girbin hatsi, an ɗaure dammuna an cika rumbuna, sanyi kuma ya fara sauka, to hirar gidanmu ta koma ƙofar ɗakin Kaka ke nan. Ƙauyenmu ƙarami ne, kusa da Urafane, kuma a lokacin fitila guda ce a gidan, ita ma tana ɗakin babanmu. Da an ci tuwo an yi sallar isha'i, sai mu kwaso karan hatsi da ƴan itacen sabara mu zube mata. Ita ke hura wutar da kanta, ba ta yarda wani ya taɓa ba. Cewa take yara ba su iya wuta ba, hayaƙi suka iya. Sai ta tura gujiya cikin toka mai zafi, ta ja zane ta rufe ƙafafunta, mu kuma mu kewaye ta, gabanmu na gasuwa, bayanmu na shan sanyi.

Mahaifiyar babana ce. Sunanta Ajiya, amma baƙi kan ɗauka Hajiya ake cewa, har su riƙa yi mata tambayar Makka, ita kuwa ko Maradi ba ta taɓa zuwa ba. Doguwa ce, siririya, ta fi duk matan ƙauyen hasken fata. Ba ta san shekarunta ba, abin da ta sani shi ne ta yi wayo tun Nasara ba su shigo ƙasar ba. Ni Maigida take kirana, don sunan kakana na ci, kuma ko bayan rasuwarsa ba ta faɗin sunan mijinta. Yayata Rabi, wadda nake bi, ita ke zama daf da gwiwarta kullum, don ta fi mu kusa da gujiyar.

Kaka tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Kunnuwa sun iso?"

Mu ce, "Sun iso!"

"Bakuna hwa?"

"Sun kwanta!"

"To kada su yi barci mai nauyi, zan neme su."

Kuma tana neman su ɗin. Tatsuniyarta ba ta tafiya a miƙe kamar ta sauran tsofaffi. Tana cikin labari, an zo wurin da ya fi daɗi, sai ta tsaya cak, ta nuna ɗayanmu da tsinken da take juya gujiya.

"Kai, Maigida. Na ce ta ɗauke ta ta kai mata. Wa ta ɗauki wa? Wa aka kai wa?"

In ka yi shiru sai ta ce ashe barci kake da ido buɗe. In ka amsa daidai ma ba ka tsira ba. "Ina ka samo shi? A wane wuri na hwaɗi haka?" Dole ka koma baya cikin labarin ka nemo inda maganar take, ka kawo mata, sannan ta tono maka gujiya ta hure tokar ta sa maka a tafin hannu. Yaran maƙwabta da yawa sun daina zuwa saboda haka. Sun ce tatsuniyar gidanmu da aiki take zuwa, gara su tafi wurin wata tsohuwa a bayan masallaci, wadda ke zuba labari har ta yi gyangyaɗi ba ta tambayi kowa kome ba. Ni ma na sha jin haushi. Labari nake so, ba tambaya ba.

Wadda ta fi yi mana, wadda kuma ban taɓa jin ta a bakin kowa ba sai ita, ita ce tatsuniyar hankaka.

Wai wani tsoho ne yana da ƴaƴa biyu maza, wa da ƙane. Abin da ya mallaka duka biyu ne: rijiya mai ruwan daɗi da ya gina da hannunsa, da taguwa, wato raƙuma, mai nono. Wata shekara ya bar su a gida ya tafi arewa neman gishiri. Ciwo ya kama shi a hanya, ya kwanta gindin wata aduwa, ya san ba zai tashi ba. Babu mutum ko ɗaya kusa, sai hankaka bisa reshe. A zamanin nan, in ji Kaka, hankaka ya fi kowane tsuntsu riƙe magana, abin da ya ji sau ɗaya ba ya zubar da ko ƙwaya. Sai tsohon ya ɗaga kai ya ce masa, kuma a nan Kaka kan shaƙe murya ta yi ta tsohon:

"Ka tahi gidana, ka iske ɗiyana biyu. Ka ce ya riƙe rijiyar, shi kuma ya ɗauki taguwar. Kuma kada ya tahi ya bar shi."

Hankaka bai jira ba. Yana alfahari da kansa, ya tashi yana maimaita saƙon a sama don kada ya zube. Ya iso ya sauka bisa bakin rijiya, ya sauke maganar yadda ya ɗauko ta, ba ragi ba ƙari. Shekarar kuwa ta fari ce, kowa rijiyar yake so. Wan ya ce ai shi ne babba, da shi ake fara magana, don haka rijiya tasa ce. Ƙanen ya ce tun yana yaro shi ke shiga yasar rijiyar, wan kuwa shi ke kiwon taguwa, uba ba zai manta da wannan ba. Suka juyo ga hankaka, suka ce, "Da ya ce ya riƙe, wa yake nufi?"

Hankaka ya buɗe baki, ya ga babu kome a ciki. Bai tambaya ba.

Ya koma da sauri inda ya baro tsohon, ya iske rai ya yi halinsa. Ya sauka kusa da kansa yana tambaya, ba amsa. A gida kuma wan ya ƙi shayar da taguwa, don kada a ce ya karɓe ta. Ƙanen ma ya ƙi. Ta gaji ta tsinke igiya ta shiga daji. Rairayi ya fara zubawa cikin rijiya, kowa ya ƙi shiga ya yashe don kada ya yi wa ɗan'uwansa wahala, har ta rufta. Daga nan ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma, ba su sake haɗuwa ba. Shi ya sa har yau hankaka ke yawo gari gari yana kuka, "Wa? Wa?" Sauran maganar duniya duk ta ɓace masa, tambayar da bai yi ba ita kaɗai ta rage a bakinsa.

Sai Kaka ta kaɗe hannuwa ta ce, "Na sauke, mai wuya ya ɗauka. To, rijiyar ta wa ce?"

A nan ake kacamewa. Ni kullum bayan ƙanen nake, don ni ma ƙane ne, kuma hujjar yasa ta yi mini. Rabi kuwa bayan wan take. Wani dare ta zo da abin da ya sa Kaka dariya har da hawaye. Ta ce, "Kaka, ai hankaka ba tambaya yake ba, amsa yake bayarwa. Cewa yake wa, wa, wato wan ne mai rijiya."

Kaka ta ba ta gujiya cike da hannu, ta ce, "Wannan ta wayo ce. Amma ki saurara gobe in ya yi kuka. Wa na ɗan'uwa daga sama yake hwaɗowa ƙasa, wa na tambaya kuwa a ƙasa yake tun hwarko. Ki ji wanne yake yi." Washegari mun bi hankaki har bayan gari muna kasa kunne, muka dawo kowa na rantsuwa nasa ya ji.

Wani lokaci in gardamar ta yi tsawo, sai ta ce, "Magana nawa tsohon ya aiko?" Mu ce uku. Ta ce, "To ku kullum bisa biyu kuke hwaɗa." Ba ta ƙara kome, mu kuma ba mu kula ba, rijiyar ce a gabanmu.

Akwai wani maraice da ake kiɗa a dandali, yara duk suka tafi. Ni ƙaya ta soke ni a ƙafa, wurin ya kumbura, ban iya zuwa ba, Rabi kuma aka ce ta zauna da ni. Mu uku ne a bakin wutar. Da ba hayaniya sai na samu ƙarfin tambaya.

"Kaka, ke kin san ko wane ne tsohon ke nufi?"

Ta juya toka ta ce, "Da na sani, Maigida, da ban dame ku ba." Sannan ta ce, "Ni ba da Hausa na buɗe baki ba. Kun sani?"

Mun san ana ce mata Buzuwa in ana wasa, amma ba mu taɓa kawo kome a rai ba. A daren nan ta ba mu labarinta, ba ta tsaya ta tambaye mu kome ba ko sau ɗaya.

Mutanenta na arewa ne, makiyaya. An yi wata shekarar yunwa, tun kafin zuwan Nasara, dabbobinsu suka ƙare, ubanta ya rasu. Uwarta ta kamo hannunta suka yo kudu da ƙafa, suna bin mutane, har suka faɗo ƙauyenmu. Lokacin Kaka ta fara famfara. Suka tsaya a ƙofar wani manomi, mahaifiyarsa, wata tsohuwa da ake kira Gwamma, ta dama musu fura. Suka yi ƴan kwanaki a gidan, ba mai jin maganarsu, ba su jin ta kowa. Wata safiya uwar ta zaunar da ita gindin rumbu, ta riƙe fuskarta da hannu biyu, ta faɗa mata wata magana, ta sake faɗi. Sannan ta ɗora hannun yarinyar cikin hannun Gwamma, ta bi wasu matafiya da suka nufi arewa. Mutanen gidan suka fahimci ajiya aka ba su, sunan kuma ya bi ta.

"Kuka nike," in ji Kaka. "Kunnena ya ji, raina bai ji ba. Ina riƙe da zanenta, ba maganarta ba."

Hausar farko da ta koya a bakin kaji ta koye ta. In an shanya hatsi sai a ce mata kora, ta ɗauki kara ta kore su. Wata rana da yamma matar gidan ta nuna mata awaki suna kiwo a bakin gona, ta ce, "Je ki koro su." Ita kuwa kora ta sani. Ta ɗauki karanta ta bi awakin nan da gudu, tana murna an ba ta babban aiki, ta yi ta kora su cikin daji har ta daina hango rumbuna, ta dawo tana haki tana jiran a yaba mata. Kafin maza su tattaro su duhu ya yi, kura ta kama babbar akuyar, wadda ita kaɗai ke da nono a gidan, kuma akwai jariri da uwarsa ba ta da ruwan nono saboda yunwa.

"Ba wanda ya buge ni," ta ce. "Da an buge ni da ya hi mini sauƙi. Jinjirin nan ya kwana yana kuka, ni ina jin shi, ban san ma mi na yi ba daidai ba."

Allah ya raya jaririn da kunu, shi ne ma ya girma ya zama ƙanen mijinta, don ɗan gidan ta aura. Amma daga ranar Gwamma ta ja ta jiki. Kowane maraice ta zaunar da ita bakin wuta, ta tura hannu gaba ta ce kora, ta jawo shi ƙirji ta ce koro. Fita, fito. Kai, kawo. Da ta fara kamawa sai Gwamma ta shiga yi mata tatsuniya, tana tsayawa tana tambaya, wa ya tafi, wa ya dawo, ya riga ya yi ne ko zai yi. Haka Hausa ta shige ta. Kuma yadda Hausa ke shiga, haka harshen uwarta ke fita, don babu wanda za ta yi shi da shi. Kafin ta isa aure ya tafi duka, sai maganar nan ta gindin rumbu, don ita kullum tana faɗinta a ranta kafin ta yi barci. Sautin ya zauna, ma'anar ba ta taɓa kamawa ba.

Ta faɗa mana ita. Gajeruwa ce, numfashi ɗaya, da wasu sautuka da ke fitowa daga maƙogwaro. Muka roƙe ta ta sake, muka yi ta bi har ta zauna mana kamar waƙar dandali.

Rabi ta ce, "To Kaka, don mi ba ki tambayi Buzaye ba?"

"Waɗanda ke kusa da mu su ma Hausa suke yi, ɗiyata. Masu ayari kuwa maza ne, baƙi. Matar aure ta tare su a hanya ta ce mi?" Sannan ta faɗi gaskiyar. "Kuma in an ce mini cewa ta yi kada ki jira ni, ba ni dawowa? Na hi son in zamna da ita a ruhe."

Ba ta sake tayar da zancen ba, mu ma ba mu sake ba.

Ba a daɗe ba aka rubuta ni lakwal, wato makarantar boko, aka kai ni Tasawa gidan wani abokin babana. Daga nan bakin wutar Kaka ya zama abin hutu, hutun kuma mafi tsawo da damina yake zuwa, lokacin da kowa ke dawowa daga gona a gajiye, ba mai hura wutar hira. In na zo takan sa ni in faɗa mata abin da aka koya mana da Faransanci, ta saurara da kyau, sannan ta ce, "To da Hausa mi ke nan?" Sau da yawa ban sani ba, hardacewa kawai na yi. Ba ta yi mini dariya, sai dai ta ce in koma in tambayi mushen, wato malaminmu. Ina kolej ta rasu. Kafin labari ya same ni an riga an yi sadakar uku.

A kolej ɗin ne na haɗu da Ingilishi, na kuma so shi, har ya zama abin da na ci abinci da shi. Na yi shekaru ina koyar da shi a wani kolej a ƙasar Mayahi. Yaranmu kan zo da harsuna biyu a baki, Hausar gida da Faransancin lakwal, sai a ɗora musu na uku. Abin da ya fi ba ni wahala ba furuci ba ne. Sun iya karatu da murya, wasu har daɗin ji gare su. Akwai wata yarinya, Zuwaira, da kan karanta shafi guda ba tuntuɓe, ta rufe littafi ta maimaita shi da ka. Wata rana muna kan wani ɗan labari na manomi da ɗansa da maƙwabcinsu, ta karanta tsaf, na ce mata, "Madalla. To wa ya faɗa ramin?"

Ta dubi littafin, ta dube ni. Kalmar da ke wurin ƴar ƙarama ce, irin waɗanda ke tsayawa a madadin suna, kuma maza uku ne a labarin. Duk sun furta ta daidai, ba wanda ya tsaya ya nemi mai ita.

Na ajiye alli na zauna bisa tebur, abin da ban saba yi ba, na ba su tatsuniyar hankaka da Hausa. Da na gama suka kaure da gardama kan rijiya, kamar yadda muke yi. Na bar su suka yi mai isarsu, sannan na ji bakina ya ce, magana nawa tsohon ya aiko? Ni kaina ban san inda tambayar ta nufa ba, gado na yi. Zuwaira ce ta ɗaga hannu.

"Mushe, ta ukun ai ba sai an san ko wane ne ba. Kada ya tafi ya bar shi. Ko wan ne ko ƙanen ne, duk ɗaya, kada su rabu ke nan. Ita kaɗai ce a fili, ita kuma suka bari."

Ina da furfura a lokacin, kuma sai a ranar na ji abin da Kaka ke nuna mana da tsinkenta.

Daga ranar na sauya yadda nake aiki. Kowane labari muka ɗauka, kafin a karanta da murya sai kowa ya bi ƙananan kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ja zare daga kowace zuwa ga mai ita. Sannan mu duba aikin da aka ambata, an gama shi ne, ana cikin yi, ko niyya ce kawai. Wanda ya ba da amsa sai ya nuna mini layin da ya samo ta. In jimla ta gagare su, sai in ce kada su jefar da ita duka, su fara ware abin da ke a fili, su riƙe shi, sannan su nemi saura. Nahawun da suke gudu a tablo, wato allon aji, da suka ga shi ne ke faɗa musu wa ya yi wa wa me, sai suka daina ganinsa kamar hukunci.

A ajin nan ne kuma wata rana na ba su labarin Kaka da awaki, don in nuna musu abin da harafi ɗaya ke iya yi. Suka matsa sai na faɗa musu maganar gindin rumbu, na faɗa. Bayan an tashi wani yaro mai suna Agali, wanda iyayensa Buzaye ne makiyaya, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mushe, na ji aman a ciki. Ruwa ke nan a harshenmu. Saura ban gane ba, ni Hausa ta fi mini ƙarfi. Amma kakana zai sani."

Na yi kwanaki ina juya abin. Kaka ta zaɓi ta bar shi a rufe, ni wane ne da zan buɗe? Daga baya na ga ba zan iya barinsa ba. Ranar kasuwa na bi Agali zuwa zangonsu, arewa da Mayahi. Kakansa tsoho ne ƙwarai, ya naɗe fuska da rawani sai idanu. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya ɗora shayi, sai da muka sha na farko sannan ya bar ni na faɗi abin da ya kawo ni. Na ba shi labarin, na faɗi maganar. Ya rufe ido ya ce in sake. Na sake. Ya ce in yi a hankali. Ya yi ta motsa leɓe yana gwada ta a bakinsa.

"Mushe, maganar nan ta sha tafiya," ya ce. "Daga bakin yarinya mai kuka zuwa bakin tsohuwa, daga nan zuwa bakinka, kai kuma Bahaushe. Ta goge kamar tsohon takalmi. Ina jin ɗiyata a ciki. Ina jin ruwa, kuma ina zaton ruwan sama ake nufi, wato in damina ta sauka. Ina jin dawowa."

Na ce, "Baba, wa zai dawo?"

Ya girgiza kai. "Wurin nan ne ya cinye. A harshenmu mai aikin a jikin kalmar yake, ɗan sauti ne a gabanta ko a bayanta. Naka ya lashe. Zai iya zama zan dawo. Zai iya zama za ki dawo, ko za mu dawo. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Na sunkuyar da kai. Sai na tuna abin da nake gaya wa yara, na ce, "To Baba, mu bar wannan. Akwai hani a ciki? Akwai inda ta ce ba za ta dawo ba, ko kada a jira ta?"

Ya sa na sake faɗi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Babu. Kalmar ƙi a wurinmu mai nauyi ce, ba ta ɓuya, kuma ba ta barin abin da ke bin ta yadda yake. Babu ita a nan. Matar nan alkawari ta yi wa ɗiyarta. Ko wa zai yi tafiyar, cewa ta yi za a sake haɗuwa in ruwa ya sauka."

Ban iya shan shayin ƙarshe ba. Abin da Kaka ta ji tsoro tun tana yarinya har ta tsufa, babu shi a cikin maganar. Tana ɗauke da abin da zai sanyaya mata rai, tana faɗinsa kowane dare kafin barci, ba ta sani ba. Ba wata doguwar hanya ce tsakaninta da amsar ba, mutum ɗaya ne mai jin harshen, da ƙarfin halin tambaya. Ita da ta koya mana kada mu bar kalma ta wuce ba mu san mai ita ba, tata ce kaɗai ta kasa taɓawa. Ban ga laifinta ba. Na dai gane cewa fahimta ba wayo kaɗai take so ba, wani lokaci sai mutum ya yarda ya ji abin da zai iya yi masa ciwo. Na kuma daina fushi da duk yaron da ya yi shiru a aji bai tambaya ba. Sau da yawa ba lalaci ba ne, amsar yake tsoro, ko dariyar da za ta biyo ta.

Da aka yi hutu na tafi ƙauye wurin Rabi. Ta tsufa, tana da jikoki cike da gida. Na iske ta tana ɓarar wake a inuwar zaure, na zauna na ba ta labarin tun daga Agali har zuwa maganar tsohon. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Da na gama ta goge ido da bakin zane.

"Kai kana lakwal, ba ka gani ba," ta ce. "Duk shekara in ayari ya sauka bayan gari, sai ta dama fura ta ba ni in kai musu. In na dawo ba ta tambayata ko sun sha, ko sun gode. Abu guda take tambaya."

Na ce, "Mi?"

"Ko akwai mace a cikinsu."

Rabi ta ja ƙwaryar ta ci gaba da ɓarar wakenta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Har shekarar da ta rasu ta aike ni. Lokacin ita kanta ba ta da haƙori ko ɗaya a baki, balle uwar da take jira."